Kwanakin alƙunutu a Gure

Juma'a, 6 ga Fabrairu 2015

Tun kafin a sauko daga masallaci labari ya gama gari. 'Yan Boko Haram sun ƙetaro Komadugu da safiyar yau, sun auka wa Bosso da Diffa. Da dare ministan tsaro Mahamadou Karidjo ya yi bayani cewa sojojinmu, tare da na Cadi da ke Bosso, sun fatattake su, an kashe 109 daga cikinsu, mu kuma mun rasa soja huɗu da farar hula ɗaya. Allah ya jiƙan namu. Tsakanin Gure da Diffa kusan kilomita 300 ne, amma titi ɗaya ne ya ɗinke mu, kuma da wuya ka sami gida a nan da ba shi da jini a Gudumariya ko Maine ko Diffa. Gwaggona tana Diffa da jikokinta. Wayarta ba ta shiga.

A sallar magariba limamin unguwarmu ya yi alƙunutu. Ban taɓa jin amin mai nauyi irin ta yau ba.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

An sake kai hari Diffa, kuma wani abu ya fashe a kasuwa, ya kashe mutane. Gwaggo ta kira da wayar maƙwabci. Na ce, "Gwaggo, ku taso hakanan." Ta ce, "Ɗana, rai da ajali na Allah ne, amma zan taso saboda yaran nan."

Litinin, 9 ga Fabrairu

Na wuni a bakin titi kusa da tasha. Motoci suna ta wucewa yamma, sun nufi Damagaram, an ɗaure katifu da tukwane a bisa, yara sun yi furu-furu da ƙura. Wasu a nan kuɗinsu ya ƙare, a nan suka sauka. Mata na unguwa suna ta fitowa da ruwa da fura, ba wanda ya aike su. A Yamai majalisar dokoki ta amince a tura soja 750 cikin Najeriya.

Gwaggo ta iso bayan la'asar. Tana sauka, ƙafarta na taɓa ƙasa, sai ta durƙusa ta kai goshi kan rairayi. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ba ta ce komai a kan hanya ko gajiya ba, hamdala kawai take jerawa, tana shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki da magariba.

Talata, 10 ga Fabrairu

Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 15 a jihar Diffa. A nan jita-jita ta fi iskar hunturu kaɗawa. Da dare wani ya ce an ga baƙin fuskoki a bayan dutse, samari suka fita da sanduna, ashe makiyaya ne da raƙumansu.

Laraba, 11 ga Fabrairu

Gardama ta kaure a majalisarmu ta ƙofar gida. Wani abokina ya ce Gure ta tsira ne saboda yawan malamanta da yawan sauke Alƙur'ani da ake yi. Maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce masa, "Yanzu mutanen Bosso ba su sallah ke nan? Gwaggon da ke cikin gidan nan ta fi ni da kai tsayuwar dare, ga ta an raba ta da ɗakinta." Ba mu fi su da komai ba. Allah ya tsare mu ne don ya so, ya jarrabe su don ya so, kuma wanda ya mai da kariyar Allah lambar yabo ga kansa bai san abin da yake gode wa ba. Godiyar da ta dace da mu ita ce ta wanda aka yi wa kyauta, wanda ya san gobe ana iya tambayarsa me ya yi da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su ma maharan da sunan Allah suke shigowa. Da kabbara suke ƙona gari, da kabbara muke neman tsari daga gare su. Jikan Gwaggo na tsakiya, wanda bai wuce shekarun shiga makarantar allo ba, yana firgita in ya ji ladan ya ɗaga murya da asuba. Wannan ɓarna ce da ba a lissafa ta a rediyo. Mahaifiyar yarana ta ɗauki aikin zama da shi kullum kafin barci, tana biya masa Falaƙi da Nasi a hankali, tana tofa masa, har sunan Ubangiji ya koma masa abin natsuwa.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Huɗubar yau a kan tawakkali ce. Liman ya ce dogaro ga Allah bai hana kulle ƙofa ba, bai hana sanar da hukuma abin da ido ya gani ba. Sai ya ƙara abin da na so a faɗa tuntuni: kada tsoro ya sa mu mai da kowane baƙo ɗan ta'adda. Na riga na ji ana ƙus-ƙus a kan wasu samari da suka zo daga gabas, don kawai Barbarci suke ji ba su iya Hausa sosai ba. A Gure! Garin Muniyo, inda Mangawa suke tun kaka da kakanni, inda Muniyoma Koso ya sauki baƙon Bature Barth a 1852. In muka fara tsargin mutum saboda harshensa, abokan gaba sun ci mu ba tare da sun harba harsashi ɗaya a nan ba.

Bayan sallah wani dattijo da ke sayar da kanwa ya riƙe hannuna. Ya ce kakansa ya ba shi labarin zamanin Rabe, wanda ya rushe Kukawa a 1893, mutane suka watsu suna cewa duniya ta tashi. Shekara bakwai bayan haka aka kashe shi a Kusuri. Ya ce, "Malam, zalunci yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Mulkin Allah ne kaɗai ba shi da su." Na ce, "Haka ne, Baba."

Talata, 17 ga Fabrairu

An yi gangami a Yamai da sauran manyan garuruwa don mara wa sojoji baya. Firaminista Brigi Rafini yana cikin na Yamai. Ni dai zuciyata tana wajen iyayen sojojin. Maƙwabciyarmu tana da ɗa a bakin daga, kullum da asuba tana fitar da sadakar gero, in ka gaishe ta amsarta ɗaya ce, "Yana hannun Mai shi."

Litinin, 9 ga Maris

Na yi kwanaki ban rubuta ba, hidimar gida ta yi yawa. Jiya sojojin Nijar da na Cadi suka ƙetara iyaka, yau ana cewa sun kori maharan daga Damasak. Alhamdu lillahi. Har yanzu ƙafar maƙiyi ba ta taka Gure ba, kuma ban san wanda zan gode wa a kan haka ba in ba Allah ba, sannan yaran mutane da suka tsaya a bakin kogi a madadinmu.

Gwaggo ta ce ba za ta koma ba tukuna. An hana babura a Diffa, cinikin tattasai da na kifi ya tsaya, ɗanta da ke ciyar da su ba shi da abin yi. Gobe zan kai biyu daga cikin yaran makarantar allo ta unguwarmu, malamin ya ce ba zai karɓi ko dala ba. Alƙunutu kuma liman ya ce za a ci gaba da shi har sai mutanen Bosso sun koma gidajensu.