Katsinar Da Ke Bayan Jibiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a makarantar sakandare kafin wani yaro ɗan aji biyar ya ƙure ni. Ina cikin bayanin yadda Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, da yadda gidan sarautar Haɓe ya yi arewa har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganin Maraɗin?" Na ce ya zauna, wannan ba ya cikin manhaja. Amma fa na ji kunya, domin daga gidanmu a Ƙofar Kwaya zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Kano ta fi ta nisa, alhali ban san iyakar zuwan da na yi Kano ba.

Da hutun Disamba na 2018 ya zo, sai na ari jakar goyon ɗana ta makaranta, na cusa kaftani biyu da bargo da littafin rubutu, na rataya buta a gefe. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, da girmanka za ka goya jaka kamar almajiri?" Na ce ai almajirancin za ni.

Mota ta kai mu Jibiya, muka ƙetare iyaka ta Magama, muka nuna takardu a Ɗan Isa. Ƙasa dai ita ce, karan gero shi ne, Hausar ma irin tamu ce. Sai da na zauna wurin mai shayi a Maraɗi na san na bar gida. Ya ce kuɗina ɗari, na miƙa masa sefa 100, ya riƙe yana kallona. Ashe da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, wato ɗarinsu 500 ke nan. Da ya ji aikina sai ya koma kirana "Mushe", haka suke ce wa malamin boko, makaranta kuma lakwal.

Washegari na nufi ƙofar fada. A wata inuwa na iske wani dattijo, na durƙusa na gaishe shi, na ce baƙo ne ni daga Katsina. Ya ce, "Ɗana, wace Katsinar?" Na ɗauka raha yake yi. Sai ya tuna mini abin da ni kaina nake rubuta wa yara a allo ba tare da na auna nauyinsa ba: mai sarautar garin har yau Sarkin Katsina ake ce masa, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Mai karatu, sunayen nan uku daga ciki ƙofofi ne da nake ratsawa a kan babur kusan kullum. A ajina, Ɗan Baskore mahari ne da ya addabi ƙasar Katsina. A bakin wannan tsoho kuwa, mai gida ne da ya yi ta ƙoƙarin komawa gidan ubansa. Na so in yi gardama, don ina da hujjojina, sai na ga bai yi fushi ba, bai kuma zagi kowa ba, labarin kakanninsa kawai yake bayarwa kamar yadda na ji na nawa. Na ce, "Baba, a ci gaba." Na buɗe littafi ina rubutawa har aka kira azahar. Shi ne ya nuna mini wajen gulbi, inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu.

Kwana biyu na yi, sannan na shiga motar Damagaram, tunda can Ɗan Kasawa ya fara neman mafaka. Tafiyar ta fi kilomita 200. Abin da na riƙe daga gare ta bai wuce ƙurar hunturu ba, da tsayawar salla a Tasawa, da buhun wani fasinja da ya danne mini ƙafa har ta mutu.

Damagaram ta burge ni da manyan duwatsun da suka cakuɗe da gidajen Birni, da zanen da magina suka yi a fuskar soraye. Ita ce hedikwatar Nijar a mulkin Faransawa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sai dai a nan guzurina ya fara ƙarewa. Wani mushe da muka yi sahu ɗaya a masallaci ya ja ni zaurensa na kwana. Da dare ya ɗauko littafin tarihin da yake koyarwa, na Faransanci, ni kuma na ɗauko nawa rubutun, amma ba wanda ya iya karanta na ɗan'uwansa. Da Hausa muka yi ta fassara wa juna har fitila ta rage haske. Ya yi mamakin cewa ɗalibaina ba su san Tanimun ba, sarkin da ya yi wa Damagaram ganuwa. Ban gaya masa ni ma layi biyu kacal na sani a kansa ba.

Na komo ta Matamai da Kwangwalam da Daura, jakar ta tsinke a hannu ɗaya, ɗana ya ce sai na saya masa sabuwa.

Ranar da aka koma makaranta na kira yaron nan gaban aji na ce, "Na je." Na karanta musu abin da tsohon ya faɗa, ban rage komai ba. Ajin ya yi tsit. Can sai yaron ya sake ɗaga hannu ya ce, "To Malam, in an tambaye mu a jarrabawa, wanne za mu rubuta?" Na ce su rubuta na littafi, amma kowa ya kwafi na tsohon a shafin baya.