Daga Littafin Bashi zuwa Na'ura: Matakan Gina Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Mutane da dama sun ɗauka cewa gina manhajar kwamfuta aiki ne na 'yan lissafi kaɗai, wanda ɗalibin harshe ba shi da ta cewa a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa babban ɓangaren aikin sauraro ne da sanin harshen mutanen da za a yi wa manhajar. Za a bi matakan ɗaya bayan ɗaya ta hanyar aikin wani ɗalibin nazarin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, wanda ya gina wa kawunsa, ɗan kasuwar hatsi a Sabon Gari, manhajar lissafin bashi.

Sanin Matsala

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ɗalibin bai fara da taɓa na'ura ba. Makonni ya yi yana shiga mota daga Samaru, ya bi ta Kwangila zuwa kasuwa, ya zauna a rumfa yana kallon yadda ake ciniki. Littafin kawun yana ɗauke da sunayen mata masu tuwo-tuwo, da 'yan kiri, da ma'aikata masu jiran albashi. Wani ya karɓi buhu, wani tiya, wani mudu, kuma yawancinsu kaɗan-kaɗan suke biya.

Da ya tambaya, "Kawu, me kake so na'urar ta riƙa yi maka?", dattijon ya ce, "Ɗana, abu biyu ne. Kada haƙƙin wani ya hau kaina, kada kuma nawa ya salwanta." Wannan amsa ta zama ma'aunin aikin gaba ɗaya. Daga zaman rumfa kuma ya gane cewa lalle ne manhajar ta yi aiki a wayar hannu ko da babu intanet, kuma ta yi magana da Hausa.

Tsarawa

Mataki na biyu shi ne zayyana hanyar aiki a takarda, watau abin da masana ke kira algoridim. Kalmar ta samo asali daga sunan Alhawarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta jerin umarni ne, wannan na bin wannan, ba tare da an bar wa mai bi wurin yin zato ba. Alal misali: a nemi sunan mai bashi, in yana nan a buɗe shafinsa, in ba ya nan a buɗe sabo, a rubuta kaya da kuɗi da rana, a tara jimla.

A nan ne tambayoyin da littafi ya saba haɗiyewa suka fito fili. In mutum ya karɓi masara da kaka, ya zo biya da bazara bayan ta yi tsada, wane farashi za a bi? Ɗan kasuwa yakan warware wannan da sanayya, amma na'ura sai an yanke mata hukunci tun farko. Kawun ya ce farashin ranar karɓa za a bi, aka rubuta haka. Tun ran gini tun ran zane.

Rubutawa

Bayan tsari sai fassara shi zuwa harshen da na'ura ke karɓa. A shekarun 1970, masu wannan aiki a jami'o'i sukan rubuta da harshen FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957. Kowane layi ana huda shi a kati mai gurbi 80, a miƙa damin katunan ga masu kula da na'ura, a koma jiran sakamako, kuma waƙafi ɗaya in ya kauce sai a sake lale. Cibiyar kwamfuta ta Samaru tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ɗalibin yanzu kuwa ya fara gwada dabararsa da harshen Python, wanda ya fito a 1991, a ƙaramar kwamfutarsa, yana ganin sakamako nan take.

Duk da wannan sauƙi, rubutun shi ne ƙaramin rabo. A littafinsa na 1975, Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya raba lokacin aiki kamar rabon gado: sulusi ga tsarawa, sudusi ga rubutawa, rabi ga gwaji.

Gwaji

Gwajin ne ya nuna amfanin ɗalibin harshe. Da aka zuba sunayen littafin, sai duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ ya faɗa ƙarshen jeri, bayan masu farawa da Z. Dalili kuwa shi ne na'ura lamba take gani a maimakon harafi. Tsarin ASCII na shekarun 1960 gurabe 128 gare shi, babu ko ɗaya na haruffa masu lanƙwasa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba su wuri, amma can nesa da 'yan uwansu: D lambarsa 68, Z 90, Ɗ kuwa 394. Dole ɗalibin ya koya wa manhajar jerin baƙaƙen Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k.

Matsala ta biyu ta fi wannan hatsari. Yaran rumfa sukan rubuta suna guda ta fuska uku: Ɗanladi, Danladi, da 'Danladi irin na zamanin tafireta. A wurin na'ura mutum uku ke nan, kowa da shafinsa, bashin ya rarrabu ya ɓace. In kuma aka ce ta share lanƙwasa ta haɗe komai, to baki da baƙi sun zama ɗaya, haka kasa da ƙasa, kuma Bako zai iya ɗaukar bashin Baƙo. Mafitar da aka samu ita ce manhajar ta kawo duk sunayen da suka yi kama, tare da unguwar kowane, mai rumfa ya zaɓa da kansa. Hukuncin da ya shafi haƙƙin mutane an bar shi a hannun mutum.

Miƙawa da Kulawa

Ba a jefar da littafi ranar da aka miƙa manhajar ba. Wata guda aka yi ana rubutawa a wuri biyu, kowace yamma a gwada jimla da jimla, har hankalin dattijon ya kwanta. An kuma tanadi hanyar adana kwafi a wani wuri dabam, domin waya tana iya faɗuwa ko a sace ta. Daga nan gyare-gyare suka biyo baya: a ƙara girman rubutu saboda idon mai rumfa, a buɗe gurbin yafe bashi, wanda babu wanda ya tuna da shi sai da wani mai bashi ya rasu kawun ya yafe wa iyalinsa. Manhaja kamar ginin ƙasa take, kowace shekara tana son yaɓe.

Kammalawa

A taƙaice, matakan biyar ne: sanin matsala, tsarawa, rubutawa, gwaji, sai miƙawa da kulawa. In mai karatu ya lura, ɗaya kawai daga cikinsu ya dogara kacokan ga harshen na'ura. Sauran huɗun suna buƙatar wanda ya san mutane da maganarsu. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, lokacin da haruffa masu lanƙwasa ke samun gindin zama a injin ɗab'i. Irin wannan aiki ne ke jiran ɗaliban Hausa a fagen kwamfuta. Muddin suka bar shi ga waɗanda ba su rarrabe k da ƙ, kuskuren zai shiga takardun asibiti, da na banki, da na makaranta, kuma masu harshen ne za su biya kuɗinsa.