Wa'azin da na yi wa Kawu

Kawuna tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, Kaduna, tun zamanin da jiniyar canjin aiki ke tashin unguwa. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har da tasa. Bayan rikicin Kaduna na 2000, da Musulmi da dama suka kwashe kaya suka tsallaka gada zuwa Tudun Wada da Rigasa, shi cewa ya yi ba inda za shi. A gidansa na Makera ciwon sukari ya same shi, daga baya gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, aka yanke masa yatsu biyu.

Tun daga nan ya sauya. Rediyon da ba ya rabo da ita ta koma kan taga ta yi ƙura. Tuwo ya huce a kwano. Kwalbar insulin da matarsa ke ajiyewa a gindin randa, saboda wuta ba ta da tabbas, sai ta kai kwanaki ba ta ragu ba. Wata rana bayan la'asar ya ce mini, "Ɗana, na gaji. Da Allah zai ɗauke ni da na huta."

Ni kuwa na gyara zama. Na ce masa ciwo kaffara ne, jarrabawa ce, mumini ba ya faɗin haka. Na kawo Annabi Ayuba, na kawo masu sikila da ke fama tun suna goye. Har na tambaye shi ina tawakkalinsa. Babu ƙarya a yawancin abin da na faɗa, shi ya sa na tashi ina ganin na yi aikin lada. Ya ce, "Haka ne, Allah ya yi maka albarka." Bai sake gaya mini abin da ke ransa ba, ni kuma na ɗauka magani ya ci.

Wanda ya gano bakin zaren tsohon abokin aikinsa ne, Kirista mazaunin Sabon Tasha, wanda suka yi shekaru a layin inji ɗaya. Yakan zo ya zauna a tabarma, su yi tsegumin tsofaffin shugabannin aiki, ko su yi shiru. Shi ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, a namu littafin abokan Ayuba kwana bakwai suka yi zaune da shi ba su ce uffan ba. Sai da suka buɗe baki suka ɓata." Ya ƙara da cewa Kawu ya daina allura da gangan, shi ya gaya wa.

Kunya ta kama ni, don ko a karatun da na taƙama da shi ban yi adalci ba. Ayuban da na kafa hujja da shi ya kai kukan cutarsa ga Ubangiji. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba a kuma cire shi daga masu haƙuri ba. Na tsinci rabin ƙissar da zai sa Kawu ya yi shiru, saboda ni ne maganarsa ta tsorata.

Likitan da ke duba sukarinsa ya ce ciwon damuwa ne, kuma masu sukari sun fi sauran mutane kamuwa da shi kusan ninki biyu. Ya yi bayani dalla-dalla: damuwa na sa mutum ya bar magani da kiyaye abinci, sukari ya hau, jiki ya ƙara lalacewa, damuwar ta ƙaru. Ya tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Nan ma sai da na ja ƙafa. A Kaduna idan aka ce an kai wane Barnawa, kowa ya san fassarar da za a yi, kuma ni sunan gidanmu nake ji. Abokin nan nasa ne ya kawo Keke Napep har ƙofa.

An ba shi ƙwayoyi, an kuma sa masa ranakun ganawa, ya yi magana a saurare shi. Sauƙin bai zo da wuri ba, kuma ba asibiti kaɗai ya yi aikin ba. Limamin unguwa ya sa an ajiye masa kujera a ƙarshen sahu, ya koma jam'i ba tare da fargabar tsayuwa ba. Da safe jikokinsa na yi masa tilawa yana gyara musu, aikin da ya sa dole ya tashi ya yi wanka. Addinin da na riƙa jifansa da shi ya amfane shi ne da aka ba shi gurbi a cikinsa.

Har yanzu akwai ranakun da yake cewa ya gaji. Sai in ce, "Kawu, me ya faru yau?" Wani lokaci ƙafar ce, wani lokaci kuɗin insulin da ya sake tashi, wanda kuma nawa ne in nemo.