Kwana Uku a Mahaɗar Kwara da Binuwai

Mutumin Rimin Gado bai san ruwa ba sai na rijiya da na rafin da kan ƙafe kafin bazara ta yi nisa. Ƙasarmu ta gonaki ce, gida na kallon gida, kunya na jingine da kunya, har ba ka iya ɗaga ido ba ka hangi rumbu ko ɗorawa ba. Saboda haka, duk lokacin da aka ambaci Lakwaja a zaurenmu, ba garin kifi da jirage ake nufi ba. Garin da Turawa suka kai Sarkin Kano Alu ake nufi, inda ya rasu a 1926.

Baffana ya daɗe yana son ya ziyarci kabarin nan, domin kakansa na cikin waɗanda suka yi wa Alu barantaka. Ƙarfinsa ya fara raguwa, ga shi ba ya cin abincin hanya, ba ya kuma yarda ya kwana a otal. Sai muka yi dabara irin ta Turawan Amurka masu yawo da mota mai ɗaki a cikinta. Muka ɗauki hayar bas, muka kwance kujerun baya, muka shimfiɗa tabarma da katifa, muka loda risho da tukwane da jarkokin ruwa da garin tuwo da kuka da daddawa. Motar ta zama ɗakin kwana, ta zama madafa, inuwarta kuma ta zama masallaci.

Muka bi ta Zariya da Kaduna, muka kwana a Zuba, washegari muka wuce Abaji da Koton Ƙarfe. A gadar Murtala Muhammad da ke Jamata muka fara ganin Kwara. Baffa ya sa direba ya rage gudu, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan duk ruwa ne?" Na ce, "Ruwa ne, Baffa." Bai ƙara cewa komai ba sai tasbihi.

Lakwaja gari ne da ke matse tsakanin dutse da kogi. Zafinsa ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu kuwa jiƙa mutum yake yi da gumi ko da yana zaune. A kasuwar bakin ruwa za ka ji Nufanci da Yarabanci da Igala da Igbiranci, amma in ciniki ya cije, sau da yawa Hausa ce ke raba gardama. A wasu unguwanni na ga zanen ruwa a jikin bangaye sama da ƙugun mutum, shaidar ambaliyar 2022, wadda ta datse hanyar Abuja kwana da kwanaki, kamar yadda ta 2012 ta yi.

Na hau Dutsen Patti ni kaɗai, domin ƙafar Baffa ba ta kai nan ba. Daga can ake ganin kogunan biyu sun haɗu, kowane da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Masu yi wa baƙi jagora kan ce a nan Flora Shaw ta tsaya ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Labari ne mai daɗin ji, amma abin da ya tabbata shi ne ta kawo shawarar sunan a jaridar The Times ta Landan a 1897. Abin da ba a gardama a kansa kuwa, a garin nan ne Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairun 1900, ya shelanta mulkin mallaka a kan Arewa, alhali Kano da Sakkwato ba su ma san ana yi ba. Shekara uku bayan haka Kano ta faɗi, aka kama Alu, aka kai shi Yola, daga bisani aka dawo da shi nan. Malamin makaranta kuma ba zai rasa tsayawa a Holy Trinity ba, makarantar da Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865, wadda ake ɗauka ita ce firamare ta farko a Arewa.

Kaburburan sarakuna suna unguwar Kabawa, cikin gidajen jama'a. Ba Alu kaɗai ke kwance a garin ba. Akwai Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ɗaliban Hausa suka sani da waƙoƙinsa, ya rasu a 1924. Wurin bai da ƙasaitar da na zata. Yara na wasa a gefe, wata mata na shanya garin rogo, awaki na kai da kawowa. A ganina, Kano da ta iya gina gadoji a sama da ƙasa ba za ta kasa kula da ɗan ɗakin da sarkinta yake ba.

Baffa bai ga abin da na gani ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya yi sallama kamar mai gaisuwa a fada, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Sa'an nan ya fito da ɗan ƙullin gero na gonarsa, ya miƙa wa dattijon da ke share wurin, ya ce sadaka ce daga ƙasar Kano. Dattijon ya jujjuya ƙullin a hannu, ya tambaye mu ko an yi damina mai kyau a can bana.