Basam ba tabkin Keita ba ce

Mu mutanen Adar biɗa ba baƙuwarmu ba ce. Da an kwashe hatsi, samarin Keita, Buza da Madawa sai hanyar Abijan. Ni ma na bi kamiyon albasa daga Madawa, na sauka wurin kawuna da ya yi shekara ashirin yana sayar da ita a unguwar Ajame.

Wata Lahadi ya ce mu je in ga teku. Muka shiga mota a Tireshbil, tafiyar kilomita 40 ko kusa, sai Basam. Nan Faransawa suka kafa babban birninsu na farko a ƙasar a 1893, kafin annobar shawara ta kore su, kuma a 2012 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kawu na nuna mini tsofaffin benaye da suka yi gansakuka, ni kuwa hankalina na can inda nake jin ruri kamar na hadarin Agusta. Masu hannu da shuni Asini suke wucewa, can gabas. Namu Basam ne: rairayi, inuwar kwakwa, gasasshen kifi.

"Kai yaro, wannan ruwa kallonsa ake," in ji kawu. "Kar ya wuce maka gwiwa."

"Haba Kawu! Ni da na tashi a tabkin Keita?"

Na tuɓe riga na miƙa masa. Har dabara na yi: na kauce wa inda igiyar ruwa ke fashewa da kumfa, na zaɓi wani wuri mai duhu da ya kwanta luf. Ruwa na kai mini ƙugu na ji yashi yana zamewa ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ana janye tabarma. Kan in ankara, itatuwan kwakwar sun ƙanƙance. Na juya ina iyo da duk ƙarfina zuwa gaɓa, gaɓa na ƙara nisa. Gishiri ya cika mini hanci. Na daina ƙirga shan ruwan da na yi, na koma kalmar shahada.

Wasu masunta biyu suka fiddo ni. Da na gama amai, babbansu ya zana mini abin a yashi da yatsa, kawu na fassarawa. Ruwan da igiya ta turo dole ya koma, kuma ta wata siririyar hanya yake komawa da gudu. Ita ce mai kama da kwantaccen wuri, ita na zaɓa da hannuna. Wanda ta ɗauka ba ya kokawa da ita. Gefe yake bi, a layin gaɓa, har ya fita daga bakinta.

Tabki tsaye yake, shi ne abin da girman kai ya hana ni tunawa. Na raina maganar mutumin da ko iyo bai iya ba, alhali shekara ashirin yana kallon ruwan nan.

Kawu ya ba masuntan jikka biyar. Ni bai ce mini uffan ba har Ajame, rigata na rataye a kafaɗarsa.