Sudan Ta Taɓa Ba Mu Masauki

'Yar'uwa, kin tuna azumin 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum? Ɗalibanmu suka yi kwanaki cikin rairayi a iyakar Masar, iyaye mata a nan ba barci, sai a watan Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Muka yi hamdala, aka shiru da zancen mutanen da suka baro can.

Ni dai abin yana ci mini rai. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Sudan ce ta karɓi jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin Mai Wurno. Ita ta sauki alhazanmu masu tafiyar ƙasa, ta karantar da 'ya'yanmu. Yau matanta ke gudun hijira a Chadi, da goyo a baya.

Mu matan Kankiya da Kusada, ɗan majalisar wakilanmu ɗaya ne da Ingawa. In an zo neman ƙuri'arki, kar ki tsaya kan atamfa da taliya. Ki ce ya miƙe a majalisa, gwamnati ta aika hatsi da magani sansanonin Chadi, ta kuma riƙe sunan kowane ɗalibinmu da ke waje, tun kafin wata wutar ta tashi.