Tafkin Kainji: Inda Tsallake Ruwa Ya Zama Aikin Kullum

Duk wanda ya isa bakin ruwa a Yelwan Yawuri da sassafe ranar kasuwa, zai tarar jiragen katako sun jeru a gaɓa, waɗansu ana sauke buhunan albasa da kifi banda, waɗansu ana loda mutane da awaki da babura. In baƙo ne, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda tsofaffin mata da ƙananan yara ke shiga jirgi kamar mai shiga zauren gidansu. Sai ya zaci ba su san tsoro ba. Alhali kuwa babu wanda ya kai su sanin abin da ruwan nan ke iya yi.

Kogin Kwara da ma can ba abin wasa ba ne. Kusa da Bussa ne Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka cikin 1806, a inda ruwa ke gudu tsakanin duwatsu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, kogin ya kumbura ya zama tafki mai tsawon kimanin mil 80. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka ma tsibirai da yawa na Gungawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Itatuwan da ruwa ya shanye kuwa, kututturansu na nan a ƙarƙashi, jirgin da ya yi karo da su yakan tsage nan take.

Duk da haka, rayuwa ba ta jiran mutum ya daina jin tsoro. Gona tana wancan ƙetare, kasuwa da asibiti suna wannan ƙetare, hanyar mota kuwa zagaye ce mai nisa da cin kuɗi. Saboda haka manomi ya shiga, mai talla ta shiga, mai ciki ma ta shiga, da yawansu ba su iya iyo ba. Wadda gabanta ke faɗuwa takan nemi tsakiyar jirgi ta zauna, ta yi bisimilla, ta kafa ido a kan gaɓar da za a nufa, ba ta kallon igiyar ruwa. Gobe ma haka za ta yi. Tsoron bai tafi ba, ta dai koyi tafiya tare da shi.

Tsofaffin matuƙa su ma da tsoron suke aiki. Shi ke sa su duban gabas da damina kafin su ta da inji, gama daga can hadari ke tasowa. Shi ke sa su haddace wuraren da kututture yake, su kuma ƙi tafiyar dare. A wurinsu, matuƙin da ya ce ba ya tsoron ruwa bai daɗe a kansa ba ne.

Amma akwai wata jarunta da ta fi ta shiga jirgi wuya, watau ta fita daga cikinsa. Cikin watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika maƙil da fasinja ya kife kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, aka yi hasarar rayuka masu ɗimbin yawa. Lodi fiye da kima abu ne da kowa ke gani da idonsa tun jirgi na gaɓa. Abin da ke rufe bakin mutane shi ne kunya. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, to a bakin tafki su biyun ne ke haɗuwa. Mutum ya biya kuɗi, kasuwa na ci, ga maƙwabta na kallo, wa zai so a ce da shi matsoraci? Haka nan rigar kariyar nan da ke hana nutsewa, wani yakan ƙi sawa don zafi, wani don gudun dariyar samari.

Saboda haka yarinyar da ta dubi matuƙi sa'an mahaifinta ta ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri, jirgin nan ya cika, ni zan jira na baya," ta yi abin da ya gagari ƙarti da yawa. Za ta sha rana a gaɓa, watakila ta rasa cinikin ranar, a kuma yi mata ba'a. Amma sau da yawa in mutum ɗaya ya sauka, sai na biyu ya sami ƙarfin zuciyar binsa, matuƙi kuma dole ya rage kaya.

Da la'asar sakaliya jiragen kan juya gida, buhuna sun koma gishiri da sabulu da kananzir. Waɗanda suka tsallako da safe su ne za su sake tsallakawa. Allah Ya kai kowa gaɓa lafiya, amin.